Haɗin Gwiwar Jama'a da Hukuma Kan Kiwon Lafiya a Ƙasar Kano: Waiwaye Daga Bakin Jakara Zuwa Ƙauyuka

Gabatarwa

Duk wanda ya bi jawaban hukumomi game da kiwon lafiya matakin farko, tun daga taron Alma-Ata na 1978 har zuwa yau, zai tarar da magana ɗaya tana yawan fitowa, watau haɗin gwiwa da jama'a. Akan ce ƙaramin asibitin ƙauye ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai mutanen ƙauyen sun ɗauke shi nasu. Wannan gaskiya ne, ba mu da ja. Abin da muke so mu bincika a cikin wannan takarda shi ne irin haɗin gwiwar da aka taɓa yi a ƙasar Kano, da abin da kowane ɓangare ya riƙe a hannunsa, da kuma abin da ya biyo baya.

Ra'ayin da za mu yi ƙoƙarin kafawa shi ne, tun daga zamanin En'e har zuwa yaƙi da cutar shan-inna, an sha kiran jama'a su fito, su kawo 'ya'yansu, su yi gayya, amma ba kasafai aka ba su ta-cewa a kan kuɗi da magani da ma'aikaci ba. Za mu faro daga Jakara, domin ruwanta ya ratsa tsakiyar birni, sa'an nan ya gangara ƙauyuka. Wanda ya bi wannan ruwa zai ga cewa lafiyar birni da ta karkara a ɗaure suke da igiya ɗaya.

Jakara da lafiyar birni kafin zuwan Turawa

Littafin Tarihin Kano ya ambaci Jakara tun zamanin Barbushe, a matsayin wani kurmi mai baƙin ruwa wanda mazauna Dala suke girmamawa. Sun ɗauka cewa kurmin yakan yi musu ishara idan masifa tana tafe, su kuwa sai su yanka baƙar dabba don neman tsari. Ko da yake wannan al'ada ce ta jahiliyya wadda Musulunci ya kawar, tana nuna mana cewa tun farko Kanawa sun ɗauki annoba a matsayin lamarin gari baki ɗaya.

A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka kafa Kasuwar Kurmi a bakin wannan ruwa. Da birni ya cika, fatake suka yawaita, sai Jakara ta zama matattarar ruwan kwatoci da na mahauta da na majema. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin wata fadama da ta raba birnin biyu, wadda ake zuba shara a cikinta. Barth ma, a 1851, ya danganta rashin lafiyar birnin da wannan ruwa da kuma kududdufan da ake haƙa ƙasar gini a cikinsu.

Amma kada a ɗauka cewa mutanen wancan zamani sun zauna hannu rabbana. Akwai wanzami mai yin kaciya da ƙaho da cire beli, akwai ungozoma mai yanke cibi da kula da mai jego, akwai maɗori, da mai maganin gargajiya, da malami mai rubutun sha. Masu sana'a suna da sarakunansu, haka nan makafi da kutare, waɗanda suke da unguwanninsu da shugabannin da ke tsaya musu a fada. Malaman jihadi ma ba su bar fannin ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817 zuwa 1837) ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basir. Ba mu ce duk magungunan nan suna warkarwa ba, wasu ayyukan ma suna da haɗari. Abin lura shi ne, mai maganin ɗan unguwa ne. An san gidansu, an san wanda ya gada, ana biyansa da abin da ya sawwaƙa, in kuwa ya yi ɓarna akwai inda za a kai ƙararsa. Wannan sanayya ita ce jarin da asibitin zamani ya zo ya tarar ba shi da shi.

Zamanin En'e: duba-gari da disfansare

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. A shekarun farko, likitocinsu na soja ne da ma'aikatan gwamnati. Dabarar da suka fi dogara da ita wajen kare kansu daga zazzaɓin cizon sauro ita ce nisantar 'yan ƙasa. Suka zauna a Nasarawa da Bompai, aka kuma yi ƙa'idar barin fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Da annobar marisuwa ta iso a ƙarshen 1918, talakan birni da na ƙauye ba su da wani asibiti da za su nufa.

Al'amura sun fara sauyawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953). A ƙarshen shekarun 1920 En'e ta buɗe asibitin cikin birni kusa da Ƙofar Mata, wanda daga baya aka sa masa sunan Murtala Muhammad. A farkon shekarun 1930 aka jawo ruwan famfo daga Challawa, a 1932 kuma aka kafa Makarantar Koyon Aikin Tsabta ta Kano don horar da duba-gari. Sannu a hankali aka riƙa gina disfansare a garuruwan hakimai, inda malamin asibiti guda yake wanke gyambo, ya ba da maganin tari da na ciki. Mishan kuwa aka bar musu aikin kutare, kamar a Yadakunya, da aikin ido a asibitinsu na Kano.

Wannan tsari yana da ƙarfinsa. Umurni yakan taso daga Sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, har ya shiga kowane zaure. Idan aka ce ranar kaza za a yi lamba, to, za a yi. Kuɗin da ake gina disfansaren kuwa daga baitulmali suke fitowa, watau harajin talaka da jangalin Bafillace. Ashe ke nan jama'a su ne masu biya tun asali.

Rauninsa kuwa shi ne, mai biyan ba shi da baki. Duba-gari yakan shiga gida ya leƙa randa da salga, in ya ga abin da bai yi masa ba sai tara ta biyo baya. Saboda haka mutane suka ɗauki tsabta a matsayin dokar da ake gudu, maigida ya riƙa gyara tsakar gida ranar da ya ji duba-gari na tafe, ya koma gidan jiya bayan ya wuce. Haka nan wasu iyaye sukan ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko a gona ranar lamba. Ga kuma matan kulle, waɗanda su ne masu haihuwa da reno, amma malamin disfansare namiji ba shi da hanyar ganinsu. Abin da aka samu a wannan zamani biyayya ce, biyayya kuwa takan tsaya ne inda idon mai hukunci ya tsaya.

Daga 'yancin kai zuwa Alma-Ata

Bayan 'yancin kai a 1960 da ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, an yi manyan ayyuka guda uku da suka cancanci a kwatanta su. Na farko shi ne yaƙi da cutar agana, wanda aka ƙaddamar a Afirka ta Yamma a 1967. An yi amfani da hakimai da dagatai wajen tara jama'a da kai rahoton inda cutar ta ɓulla, kuma a 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. An ci wannan nasara ne domin agana cuta ce da lamba ɗaya take tsare mutum daga gare ta shekaru da yawa, don haka fitowa ɗaya ta wadatar.

Na biyu shi ne binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar a ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa, daga 1969 zuwa 1976. A daminar 1972 da ta 1973 an yi feshin maganin sauro a ɗakuna, aka kuma raba ƙwayoyin zazzaɓi ga mutanen wasu ƙauyuka. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, da aka daina aikin kuwa sai ta komo. Masana sun ƙaru da ilmi mai yawa daga Garki. Darasin da ya shafe mu shi ne, cutar da take dawowa kowace damina sai da ma'aikaci mazauni da magani mai ɗorewa.

Na uku shi ne shirin ƙananan asibitoci da aka sa cikin Tsarin Raya Ƙasa na Uku (1975 zuwa 1980), lokacin da kuɗin man fetur suka yawaita. An tsara cewa kowane yanki mai mutum kamar 150,000 zai sami babbar cibiyar lafiya ɗaya, da matsakaita huɗu, da ƙananan ɗakunan shan magani ashirin, da kuma motocin asibiti masu zagaya ƙauyuka. An zuba kuɗi a gini da sayen kayan aiki daga ƙasashen waje, amma ba a tambayi mutanen ƙauye inda suke so a gina ba, ba a kuma tanadi isassun ma'aikata ba. Gine-gine da yawa ba a gama su ba, wasu da aka gama suka zauna a rufe. Garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya karɓe ragamar mulki daga hannun sarakuna, ba tare da an sami wata sarƙa da ta kai ga kowane zaure kamar ta da ba.

A cikin wannan hali ne ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, a Tarayyar Sobiyat, cikin watan Satumba na 1978, suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko ya ƙunshi wayar da kai, da abinci, da ruwa mai tsabta, da kula da uwa da ɗa, da rigakafi, da maganin cututtukan yau da kullum, duk a wuri ɗaya, kuma jama'a suna da hakkin shiga cikin tsarawa da gudanarwa.

Zamanin kwamitoci

Wanda ya yi ƙoƙarin mai da wannan magana aiki a Nijeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, a 1988 aka fito da manufar lafiya ta ƙasa, a 1992 kuma aka kafa hukumar tarayya mai kula da kiwon lafiya matakin farko. An ɗora nauyin ƙananan asibitoci a wuyan ƙananan hukumomi, aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauye, aka horar da ungozomomi da 'yan sa-kai. Shirin Bamako na 1987 ya ƙara da dabarar jujjuya kuɗin magani: a zuba jari sau ɗaya, a sayar da magani da sauƙi, a sake sarowa da kuɗin, kwamitin gari yana sa ido.

Wannan shi ne karo na farko da aka yi nufin miƙa wa jama'a wani abu na iko. Sai dai ya zo daidai da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, magani ya yi tsada, ƙananan hukumomi kuma suka riƙa kashe mafi yawan kason lafiya a kan albashi. A wurare da yawa jarin maganin ya narke, marar lafiya ya koma karɓar takarda yana nufar kemis. Kwamitin da ba ya riƙe da kuɗi, ba ya iya tsawata wa ma'aikacin da ya ƙi zuwa aiki, ba a jima ba ya daina zama. A farkon shekarun 2000 an sake fasalin abin, aka mai da mazaɓa ta zama tushe, aka kafa kwamitin raya mazaɓa. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, Jakara kuwa ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Birni.

Duk da haka akwai aikin da ya nuna abin da ɗan ƙauye zai iya in an amince masa, watau yaƙi da kurkunu. A ƙidayar 1988 an sami masu cutar fiye da 650,000 a Nijeriya. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. 'Yan sa-kai na ƙauye su ne suka raba ƙyallen tace ruwa, suka hana mai cutar shiga tafki, suka riƙa kai rahoto kowane wata. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi.

Rushewar yarda da sake gina ta

A 1996 sanƙarau da ƙyanda da kwalara suka haɗu wa Arewa, sanƙarau kaɗai ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar. A tsakiyar wannan annoba kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Zana na Kano. Yara kamar 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, biyar daga cikin waɗanda aka ba sabon maganin, shida daga waɗanda aka ba wani. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Wannan tabo yana daga cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi a 2003, sa'ad da aka baza cewa ɗigon rigakafin shan-inna yana hana haihuwa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a ci gaba ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma sayo maganin daga Indunusiya. A sakamakon haka cutar ta yaɗu, ta sake shiga ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita. Zargin hana haihuwa ba shi da tushe, amma akwai tambayar da talakawa suka riƙa yi wadda take da tushe: don me ake bin su gida-gida da ɗigon shan-inna kyauta, alhali in yaro ya kamu da zazzaɓi ko gudawa babu magani a asibitin unguwa?

Gyaran ya zo ne lokacin da aka koma ga mutanen da jama'a suka sani. Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero (1963 zuwa 2014) ya fito fili ya goyi bayan rigakafin. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya matakin farko a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Aka ɗauki mata 'yan unguwa masu shiga gidajen da aka rubuta "ba a shiga", aka sa malamai da waɗanda cutar ta naƙasa cikin aikin wayar da kai. Aka kuma riƙa kafa rumfunan duba marasa lafiya a lokacin rigakafi, inda uwa za ta sami maganin zazzaɓi da na gudawa tare da ɗigon. Aikin ya ci rayuka, domin a watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano. Amma a watan Yuli na 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta asali ta kama a jihar, a Ƙaramar Hukumar Sumaila, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da wannan ƙwaya.

Daga wannan yaƙi aka gaji wasu dabaru. Bayan yarjejeniyar da Gwamnatin Kano ta ƙulla da Gidauniyar Ɗangote da ta Bill da Melinda Gates kan rigakafin yau da kullum, an sa masu unguwanni rubuta sunayen jariran da aka haifa, don a gwama da rajistar asibiti a gano wanda bai zo ba. A Sakkwato an gwada sa wanzamai, waɗanda ba a suna sai da su, su tura mai jego asibiti. A wasu jihohin Arewa direbobin tasha sun ɗauki nauyin kai mai naƙuda asibiti cikin gaggawa. Watau an dawo ga mai unguwa da wanzami, waɗanda muka faro da su.

Kammalawa

Mun ga iri uku na hulɗa tsakanin hukuma da jama'a. A zamanin En'e an yi umurni, aka sami biyayya. A zamanin manyan shirye-shirye an yi kyauta, aka sami gine-ginen da ba mai su. A yaƙi da kurkunu da shan-inna an nemi yarda, aka ci nasara. Amma duk nasarorin nan a kan cuta ɗaya-ɗaya aka same su, da kuɗin da mafi yawansu daga waje suka zo. Asibitin da zai karɓi haihuwa da tsakar dare, ya yi maganin zazzaɓi da damina, ya duba mai hawan jini kowane wata, yana bukatar abin da ya fi gangami.

Dokoki kam an yi su. A 2011 aka amince da manufar tattara harkokin lafiya matakin farko a ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha, Kano ma ta kafa tata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don wani asusu, wanda ake tura wani kaso nasa kai tsaye zuwa ƙananan asibitoci. A ganinmu, a nan ne za a gane ko haɗin gwiwar na gaske ne. Ya kamata jama'ar mazaɓa su zaɓi 'yan kwamitinsu da kansu, da mata a ciki, a riƙa karanta musu abin da ya shigo da abin da aka kashe a bainar jama'a, kuma rahotonsu a kan ma'aikaci ya zama yana da tasiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka kuma bai kamata aikin kwamitin ya tsaya a ƙofar asibiti ba. Ruwan Jakara, bayan ya kwashe dattin birni, yakan haɗu da na Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, manoman lambu su yi ban-ruwa da shi, ragowar ta taru a dam ɗin Wasai a ƙasar Minjibir. An fara aikin gina wa kogin magudana da shimfiɗa titi a kansa a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso (2011 zuwa 2015), amma rufe ruwa daban, tsabtace shi daban. Latas da kabejin da aka shayar da wannan ruwa kasuwannin birni suke komowa. Saboda haka kwamitin mazaɓar Jakara da na ƙauyukan Minjibir matsala ɗaya suke fama da ita, ya kuwa dace a ce akwai inda suke zama tare.

Muna fata masu nazarin tarihi za su ƙara tona takardun En'e, su kuma ji daga bakin tsofaffin duba-gari da ungozomomi tun suna raye, domin akwai sauran aiki mai yawa a wannan fage. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.